Fuskokin da Dawuda Marwa Ya Ara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Sha'aban 1445, daidai da 20 ga Fabrairu 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Dawuda Marwa a wani asibiti da ke kudancin Riyadh, bayan jinyar huhu ta wata huɗu. Shekarunsa sittin da uku. Sai washegari bayan La'asar muka samu sallatarsa, saboda takardu, muka raka shi makwancinsa muka dawo. Ya bar matarsa Hajiya Balaraba, da 'ya'ya biyu, Ridwan da Khairat, da zane arba'in da ɗaya a wani ɗan ɗaki a gidansa na unguwar Utaiqa. Saboda zanen nan ne na kasa ɗaukar alƙalami har azumi ya kama. Akwai aikin da ka bar mini, Dawuda, kuma ban ga yadda zan yi maka ta'aziyya alhali aikin yana nan yana kallona ba.

Iƙamarka, katin zamanka a ƙasar nan, ta ce kai mai fenti ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Shekara ashirin da bakwai ka yi a wata masana'antar kabad da gadaje a Birnin Masana'antu na Biyu, kana fesa fari da ruwan ƙasa a jikin katako daga safe zuwa La'asar. Gidaje da yawa a garin nan suna ajiye kwanukansu cikin aikin hannunka ba su san sunanka ba. Abin da katin bai faɗa ba shi ne kai ɗan Tudun Wadan Zariya ne da ya karanci zane, ya koyar da shi shekara tara a sakandare, ya kuma zana hotunan wasu littattafan tarihi na firamare. Wanda duk ya yi aji biyar a wancan zamani, mai yiwuwa ya taɓa ƙara wa wani jarumin naka gashin baki da biro. Da maɗaba'ar ta rufe, albashin koyarwa kuma ya zama abin da sai dai a ji labarinsa, ka koma zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci, har wani ya samo maka bizar aiki. Ka ce shekara biyu za ka yi ka koma gida. Dukkanmu haka muka ce.

A 2004 na san ka, a wani ɗan shago a unguwar Manfuha inda ake samun daddawa da kuka in an taki sa'a. Lokacin ni sabon zuwa ne, an ɗauko ni aikin fassara littattafan wa'azi daga Larabci zuwa Hausa. Na tarar da wani dogon mutum yana yi wa mai shago faɗa a kan harafin da ya karkace a allon ƙofarsa, da irin Hausar Zagezagi da ba ruwanta da mace ko namiji. Ni kuwa Bakano, sai na ce ashe har nan aka kawo mini bawa. Ko juyowa ba ka yi ba, ka ce in wannan ne ubangidan, lalle gidan ya talauce. Shekara ashirin muka yi muna wannan wasa, ban tuna ranar da na yi galaba ba. Washegari ka dawo da fenti ka gyara wa mai shagon allonsa, ba ka karɓi ko sisi ba. Ka ce ba don shi ka yi ba, don idonka ka yi, tunda ta nan kake wucewa.

Guntayen katakon da masana'anta ke zubarwa su ne takardarka. Ka roƙi kafilinka, ubangidanka na aiki, ya yarda, kana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a motar ma'aikata, abokan aiki suna yi maka tsiya wai kabad kake haɗawa a ɓoye. A kansu ka zana abubuwan da muka karanta ba mu gani ba: fataken goro a hanyar Gwanja, leburorin da suka shimfiɗa layin dogo har Kano, masu haƙar kuza a Jos suna rawar sanyi, 'yan dako a gindin dalar gyaɗa, sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama suna neman wanda zai gane su a tasha. Sannan ka zana mu. Mutum takwas a kan faranti ɗaya na shinkafar kabsa. Layin sayen burodin tamis da sassafe. Wani yana zaune a matakala ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana waya da gida, fuskarsa tana cewa komai lafiya, ƙafarsa tana cewa wani abu dabam.

Ka taɓa ce mini littattafan tarihi sun ba ka sunan gwamna, da shekarar da aka yi abu, da nauyin gyaɗar da aka fitar, amma ba su ba ka fuskar wanda ya ɗauki buhun ba. Saboda haka sai ka riƙa aro. Kowace Juma'a in an sauko masallaci, ka nufi Manfuha da littafinka da guntun gawayi, ka shiga ɗakunan da mutum shida ko bakwai ke kwana, ka zaɓi ɗaya ka ce, "Ɗan'uwa, ara mini fuskarka ta rabin sa'a." Ba ka taɓa zana kowa a sace ba. Wanda ya ƙi, ka sha shayinsa ka yi godiya ka wuce.

Issoufou, mutumin Tasawa mai wankin motoci, ya gaya mini cewa kafin ka zaunar da shi, ya yi shekara bakwai a garin nan ba wanda ya kalle shi tsawon minti ɗaya. In ana buƙatarsa a ce "ya Muhammad" ko "ya sadik", ko wane ne ya juyo shi ke nan. Kai kuwa ka kalle shi rabin sa'a, ka tambaye shi inda ya samu tabon da ke haɓarsa, ka saurari labarin jakin da ya harbe shi tun yana yaro har ƙarshe, alhali labarin ba gajere ba ne. Ka mai da shi madugun fataken goro. Tun daga ranar, in ba a ce madugu ba Issoufou ba ya jin kira. Da Jibirilla na Mirriya ya faɗo daga saman gini ya kwanta wata biyar, kai ka je ka zana masa rijiyar ƙauyensu da bishiyar gawon da ke gefenta a bangon da yake fuskanta. Yana kwance yana ba ka umarni kamar shi ya biya. Sau uku ka goge rijiyar saboda ya ce ba haka bakinta yake ba. Duk mai tafiya gida kuma, kai ke rubuta masa suna a akwati, da irin rubutun da ma'aikatan filin jirgi ke tsayawa su kalla.

Ni ma ka ari tawa. Na sa rai za ka mai da ni alƙali ko babban malami. Da ka gama sai na tsinci kaina a zanen layin dogo, tsaye kusa da Bature, ni ne tafintansa, bakina a buɗe, hannuna ɗaya yana nuna leburori. Na ce wannan cin mutunci ne. Ka ce kai ba ka ƙara komai ba, sana'ata ka ba ni. Na yi fushin kwana biyu, na kuma riƙa kawo baƙi su gani.

Yanzu sai abin da na daɗe ina zagayewa. Shekara biyar da suka wuce aka ba ni wani ɗan littafi a kan hukuncin zane in fassara. Marubucinsa bai san sassauci ba. Ya tara duk abin da aka ruwaito a kan masu zana abu mai rai, da yadda za a ce su hura wa abin da suka zana rai ranar da ba mai iyawa. Na fassara shi da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Hausar ta fi Larabcin ban tsoro. Da aka buga, na ɗauko kwafi ɗaya na rubuta a shafin farko, "Ga bawana, don ya fara shirya amsa," na kawo maka. Ka yi dariya, ka ce ashe Kanawa sun fara ba da kyauta, tashin duniya ya kusa. Ni a wajena an wuce wurin.

Ba ranar ka fara jin maganar ba. Tun kana ɗalibi ake gaya maka. Amma a da daga bakin waɗanda ba su san ka ba kake ji. Wannan karon da harshenka ta zo, da rubutun hannun abokinka. Kuma a kan teburina a ranar akwai wasu littattafai uku da malamansu suka bambanta tsakanin gunki da zane, suka duba niyya, suka duba amfani. Ban kawo maka ko ɗaya ba, domin ba su da abin dariya a ciki.

Sannu a hankali ka rage zuwa Manfuha. Ka koma zana dabino da tuddan yashi, irin waɗanda ake ratayawa a ɗakin jiran likitan haƙori. Babban zanenka, wanda ka yi shekara shida a kansa, ka juya shi ya fuskanci bango. Na lura da duk wannan. Na ce tsufa ne ya kama ka, na kuma gaya maka hakan. Mutumin da ya karanta littattafai da yawa kamata, ya kasa karanta abokinsa da ke zaune gabansa kowane mako.

Wannan babban zanen na alhazan ƙafa ne, a gaɓar kogin Nilu, suna jiran jirgin fito. Mahaifiyarka ce ta ba ka labarin. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta bi mahaifinta a ƙafa za su Makka, suka maƙale a gonakin audugar Sudan shekara bakwai, uban ya rasu a can, ta dawo Zariya cikin wani ayari ba ta ga Ka'aba ba. Ta rasu tun kafin ka yi aure, kuma har ta bar duniya ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk mutanen da ke cikin zanen 'yan Manfuha ne, sai yarinya ɗaya a gefe, da ƙullin kaya a kanta. Ita ce kaɗai fuskar da ba ka ara wurin kowa ba. Daga ka ka zano ta, ka ba ƙaramar yarinya idanun tsohuwar da ta haife ka.

Mako biyu kafin rasuwarka na je asibiti bayan La'asar. Ka cire abin numfashi daga hancinka ka ce, "Dabo, akwai gwangwanin farin fenti a bayan ƙofar ɗakin zane, da burushi. In na riga ka, ka shafe fuskokin. Fuskokin kawai." Na ce wace irin magana ce wannan, kai da za ka tashi ka ci gaba da yi mini hidima. Ba ka yi dariya ba. Na tambaye ka me ya sa ni. Ka ce, "Kai ka fassara littafin. Kuma hannunka ba shi da fasaha, ba zai ji tausayi ba." Na fara ba ka labarin sauran littattafan uku. Ka ce na makara da shekara biyar, ka miƙo hannu. Na kama. Alkawari ke nan.

Kwana goma sha bakwai na yi bayan rasuwarka ina neman mafita. Na je wurin Ridwan, tunda fiƙihu yake karantawa a jami'a, ina fatan ya ba ni fatawar da zan fake da ita. Yaron nan da Larabcinsa ya fi Hausarsa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce, "Baffa, mas'alar akwai hilafi, wallahi akwai hilafi," wato saɓani, ya jero mini malamai na nan da na can, idonsa cike da hawaye, domin shi ma ba ya so. Muna cikin haka a falo, Hajiya Balaraba ta yi magana daga bayan labule, inda take takaba. Ta ce, "Malam, ku littattafanku da yawa, in wannan bai yi muku ba sai ku buɗe wancan. Shi kabarinsa ɗaya ne. Yau kwanansa goma sha shida a ciki yana jiran ka."

Ranar Juma'a ce. Na shiga ɗakin na tarar da gwangwanin inda ka ce, ka ma sassauta murfinsa don kada in sha wahala. Ridwan ya ɗaga murya ya ce, "Umma, in ɗauke su a waya tukuna?" Ta ce, "Ubanka za ka yi wa wayo, ko Allah?" Ya mayar da wayar aljihu.

Da fuskata na fara, tafintan Bature. Wannan bai yi wuya ba, na daɗe ina son rufe bakin nan. Sauran ne. Ka yi kuskure, Dawuda, hannun da ba shi da fasaha ma yana jin tausayi. Na shafe mutanen da na ci abinci da su, da waɗanda aka kama aka mayar gida, da biyu da muka binne a garin nan. Fentin yana zubowa kan wuya da kafaɗu, ina gogewa da tsumma ina ƙara ɓatawa. Abin da ka yi rabin sa'a kana kallo, ka yi makonni kana zanawa, shafa biyu ke gamawa da shi. Na yi yinin Juma'a na ƙara da safiyar Asabar.

Babban na bari ƙarshe. Muka juyo shi ni da Ridwan. Bai taɓa ganin kakarsa ba, ya tsuguna gaban yarinyar nan ya daɗe. Na ce masa ko mu bar wannan ɗaya, ba mai sani. Ya ce, "Baba bai ce ban da ɗaya ba." Na miƙa masa burushin, ya sa hannayensa a baya ya ce ni aka ba wasiyya. Na shafe ta.

Da yamma Issoufou ya zo, labari ya kai Manfuha. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, fuskata aronta aka yi, ba sayar da ita na yi ba. Wa ya tambaye ni?" Na ce ba kowa, kuma yana da gaskiya. Ya shiga ɗakin yana huci, ya tsaya gaban fataken goro. Can sai na ji ya ce, "To ai ga ni nan." Ya nuna madugu, farin fenti a inda fuska take, amma ga ƙirjin nan da yake turowa gaba in zai yi ƙarya. Ya matsa gaba. "Wannan Salissou ne, dubi yadda ya karkace kafaɗa, buhun siminti ya mai da shi haka. Wannan Jibirilla, ba mai riƙe kofin shayi da yatsa uku sai shi. Wannan ɗan Dakwaro ne da ke bin mutane sallah ba alwala." Haka ya bi su katako bayan katako yana kiran suna, yana dariya yana share ido da hularsa. Har ni ya gane, wai ko ba baki, hannun ya nuna mai yawan magana ne.

Na tsaya da fenti har gwiwar hannu ban san abin da zan ji ba. In fuska ce laifin, na shafe ta. In kuwa mutum ne ka zana, to yana nan, ka sa shi a kafaɗa da tsayuwa da yatsu, inda burushina bai kai ba. Ban sani ba ko na cika maka alkawari, ko ɓarna kawai na yi. Ban sani ba ko ka san haka za ta faru lokacin da ka ce fuskokin kawai. Bazazzage ne kai, ba na raba ka da wannan.

Issoufou ya ƙare da babban zanen. Ya kira mai sanda, ya kira mai goyo a wuya, ya kira mai alwala a bakin ruwa. Da ya zo kan yarinya mai ƙullin kaya sai ya tsaya. Ya ce, "Wannan fa? Ban san ta ba." Ba kuma wanda zai sake saninta, domin mutum ɗaya ne a duniya ya riƙe fuskar nan, kuma mun binne shi.

Saboda haka bari in rubuta abin da na gani kafin in manta. Sunanta Ummukulthum, 'yar Malam Mustapha mai ɗinkin hula. Fuskarta doguwa ce kamar taka. Idonta na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, akwai ɗan tabo da ya raba girar dama biyu. Ta ciji leɓenta na ƙasa, kuma ita kaɗai ce cikin ayarin ba ta kallon kogin. Baya take kallo, hanyar da suka fito. Ban san hukuncin zana fuska da kalmomi ba, kuma wannan karon ba zan nemi littafin ba.

Hajiya Balaraba ta yarda a raba katakan. Mutanen Manfuha sun zo kowa ya ɗauki wanda yake ciki, Ridwan ya riƙe babban. Littafin da na ba ka na same shi a ƙarƙashin gwangwanin, shafukansa sun yi laushi saboda yawan buɗewa. Yana wajena.

Ya Allah, ga bawanka Dawuda ya zo maka da tsoronka. Ka fi mu sanin abin da hannunsa ya zana da abin da zuciyarsa ta nufa. In ya yi kuskure ka gafarta masa, in bai yi ba ka gafarta wa wanda ya tsorata shi. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya numfashin da ya yi ta nema wata huɗu ya zama kaffara. Ka saka masa da kowane baƙo da ya zauna ya kalla ya kira shi da sunansa. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljannar Firdausi, ya gan ta ido da ido.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balaraba, da Ridwan da Khairat, da 'yan'uwansa na Tudun Wada, da abokan aikinsa, da jama'ar Manfuha, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, waɗanda suka ba shi aro ba su yi ƙwauro ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Shekara ashirin ina kiran ka bawana, Dawuda. Ga shi kai ka ba da umarni na ƙarshe, ni na bi. Ka yafe mini. Allah ya jiƙan ka.

Dabo Shakir
Riyadh, 5 ga Ramadan 1445